Gemun Dadda Mbarak

A garin Warzazat gemu kayan aiki ne. Masu shirya fim kan zo daga ƙasashe masu nisa su kafa birnin kwali da filasta a bayan gari, sannan su nemi mutanen zamanin da su cika shi, mutanen zamanin da kuwa ba su san reza ba. Shi ya sa duk magidancin da ke cin abinci a ƙofar sansanin fim yake kiwon gemunsa kamar yadda wani ke kiwon tunkiya. Mai gemu kamun hannu ɗaya a jefa shi can bayan taro. Mai kamu biyu a matso da shi kusa da dokin jarumi. Na Dadda Mbarak kamu uku ne har da 'yan yatsu, fari tas, sai baƙin layi guda da ya ratsa ta gefen hagu tun daga leɓe har ƙasa.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana cike taro. Ya ja dutse a matsayin bawan Fir'auna, ya sayar da tukwane a kasuwar Rumawa, an kashe shi sau goma sha bakwai, matarsa Lalla Ittu ce ke riƙe da lissafin. A duk tsawon shekarun nan bai taɓa furta kalma ɗaya da aka ji ba. In an ce taro ya yi hayaniya, abin da yake maimaitawa shi ne “dabino, dabino, dabino,” daga baya kuma a goge a sa wata hayaniyar. Wannan abu yana cin sa, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ɗan cike taro ba ya ƙorafi, ba ya tambaya. A ce tsaya ya tsaya, a ce mutu ya mutu, a nuna masa wuri a takarda ya sa hannu.

Rannan labari ya iso shagon Bihi mai aski cewa za a yi fim ɗin littafin Shamuwar Tagulla, kuma a nan garin za a ɗauka.

Babu wanda ya zauna a bencin firamare bai san littafin ba. Labarin wata yarinya ce da fari ya addabi ƙauyensu, ta hau shamuwar tagulla ta tafi ƙolin dutse wajen Tsoho Mai Tuluna, wanda ya kama gizagizai ya rufe kowanne a tulunsa. Dadda Mbarak bai yi firamare ba. Yana da shekara arba'in 'yarsa Tuda ta zaunar da shi ta koya masa karatu da wannan littafin, yatsanta a kan nasa, tana yi masa dariya in ya yi tuntuɓe. Shi ne littafi na farko da ya karanta har ƙarshe, kuma in za a faɗi gaskiya shi ne na ƙarshe. Ya haddace shi. Yanzu Tuda tana aure a Agadir, 'yarta Tilila mai shekara takwas kuma duk hutun da ta zo sai ta hau cinyarsa ta kama gemun ta ce a yi mata Tsoho. Sai ya ƙanƙance ido, ya yi ƙasa da murya, ya faɗi maganar da tsohon ya faɗa wa yarinyar a bakin kogo:

“Kowane girgije yana da sunansa. Kun daina kiran su, shi ya sa na tattara su.”

Da ya ji labarin fim ɗin, sai ya ajiye kofin shayinsa, ya shafa gemu daga sama har ƙasa, Bihi kuwa ya gani ta madubi.

“To fa,” in ji Bihi. “Jama'a, ku dubi Dadda. Ya riga ya hau dutse ya fara jera tuluna.”

Bihi mutum ne mai ɗacin baki, kuma yana da dalili. Mai aski ne a unguwar masu gemu. Kullum shagonsa cike, mutum bakwai ko takwas a benci suna shan shayin na'ana'arsa, suna karanta jaridarsa, ba mai hawa kujera. Shekara ashirin yana bin Dadda Mbarak da tsiya ɗaya: “Wallahi ranar da wannan dajin ya faɗo hannuna, sai na yanka rago.”

“Sai dai ka yanka ɗan yatsanka,” in ji Dadda Mbarak. “Wa zai yi fim ɗin?”

“Si Nawfal,” in ji Bihi.

Wani ya yi tsaki. Si Nawfal ɗan Rabat ne, kuma kowa ya ji labarinsa. Shi ne ya yi fim wanda duk 'yan wasan suka juya wa kyamara baya daga farko har ƙarshe. Shi ne ya yi wani wanda jaruminsa jaki ne mai tafiya da baya. Yana yawo da alkyabbar ulu a tsakiyar zafi, ba ya cin komai sai dafaffen ƙwai a ranakun ɗauka. A Rabat da Faris suna kiran wannan hikima, suna ba shi lambobin yabo. Da a unguwarmu ya tashi, da tuni an kai shi wajen malami.

Amma ƙasa duka ta ɗauki ɗoki. A rediyo ana muhawara ko zai ɓata littafin ko zai ɗaukaka shi. Malaman makaranta suna rubuta wasiƙu. Aka ce da kaka za a fara, aka ɗaga zuwa bazara, aka sake ɗagawa domin wai Si Nawfal bai sami irin tagullar da yake so ba. Shekara biyu cur.

A shekara biyun nan Dadda Mbarak bai bar almakashi ya kusanci fuskarsa ba. Yana shafa man itacen argan safe da yamma, yana naɗe gemun cikin tsumma kafin ya kwanta. Wasu masu tallar shayi suka zo suka ce suna son sa, in zai yarda a rage a kuma rina. Ya ƙi. Lalla Ittu ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba, rana ta huɗu ta ajiye masa tajin, wato kaskon miyar nama, ta tsaya a kansa.

“Ka dai duba da kyau kafin ka ci,” in ji ta. “Jiya gashi uku na tsamo. Ni ban san ko miji nake aure ko tsintsiya ba.”

“Mai haƙuri yakan dafa dutse, Ittu.”

“Shekara talatin kana dafa shi. Ni dai ban ga romo ba.”

Ba zai iya gaya mata cewa ba aikin yake jira ba. So yake sau ɗaya kafin ya mutu na gaske ya buɗe baki a gaban kyamara a ji muryarsa, kuma Tilila ta zauna cikin 'yan ajinsu ta nuna ta ce wancan kakana ne. In ba a wannan fim ba, to babu wani.

Ranar zaɓe mutum ya fi ɗari biyu a ƙofar sansani, gemu iri-iri, har da waɗanda suka zo daga Zagura. Aka jera su a rana. Si Nawfal ya fito cikin alkyabbarsa, ɗan siririn mutum mai tabarau, yana tafe yana ɓare ƙwai. Ba ya kallon idon kowa. Daga haɓa yake farawa ya yi ƙasa. Da Dadda Mbarak ya lura da wannan da ya gane, amma bakinsa na ta bitar maganar tsohon.

Si Nawfal ya tsaya a gabansa. Ya miƙa wa wata mata ƙwan. Ya sa yatsa ya bi baƙin layin nan daga sama har ƙasa, a hankali, sai ga hawaye a bayan tabarau.

“Ga shi,” in ji shi. “Ga Tsoho Mai Tuluna. Shekara biyu ina ganin sa a mafarki.”

Matar ta kawo takarda shafi uku da Faransanci. Dadda Mbarak Larabci kawai yake karantawa. A sansanin akwai mutum goma da za su iya fassara masa, amma ɗan cike taro ba ya tambaya, balle a ranar da aka zaɓe shi cikin ɗari biyu. Ta nuna wuri, ya sa hannu, ya rubuta sunansa da kyau kamar yadda Tuda ta koya masa.

Ranar Juma'a Lalla Ittu ta yi kuskus da kayan lambu bakwai da kafaɗar rago, ta kira maƙwabta. Ta manta da gashin cikin tajin, tana ta cewa ita dama ta san ranar nan za ta zo. Aka kira Agadir. Tuda ta yi kuka. Tilila ta ƙwace wayar tana ihu da sunan da take kiran kakanta:

“Jaddi! Na gaya wa kowa a aji! Na gaya wa malama ma! Ka yi mini, ka yi mini yanzu!”

Ya yi mata, a gaban baƙi, da ƙasa da murya. Aka tafa. Bihi ma ya tafa, ko da yake ya ce shi dai asara ta same shi.

Bayan sati uku aka aiko ya zo da safe. Ya sa farar jallabiyarsa ta Idi. Aka wuce da shi birnin kwali, aka shigar da shi wani dogon ɗaki mai warin manne da katako. A tsakiyar ɗakin akwai kujera da madubi, a gefen kujerar kuma Bihi ne tsaye da jakar aikinsa, yana kallon ƙasa. A kan tebur, zaune, ga wani mutum-mutumin katako da bai wuce tsayin yaro ba, da igiyoyi a hannuwansa, da idanun gilashi, da tulu a cinya. Haɓarsa sumul, an huda ta da ƙananan ramuka ɗaruruwa.

Dadda Mbarak ya dubi ramukan ya daɗe.

“Babu mutum ko ɗaya a fim ɗina,” in ji Si Nawfal, cikin fara'a, kamar mai ba da albishir. “Duk katako ne da tagulla. Amma gashi, Si Mbarak, gashi ba ya ƙarya. Na gwada na doki, na gwada na akuya, na sa an kawo na roba daga waje. Duk matattu. Naka ya sha rana shekara sittin. Sili-sili za mu dasa shi, kowane a inda yake a fuskarka, har baƙin layin.”

“Takardar ta faɗi haka,” in ji matar a hankali. “Shafi na biyu.”

Sai a lokacin ya gane kallon kitse ya yi wa rogo. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ko ranar da aka ja shi a ƙasa kusan tsirara a bayan keken doki. Ya tuna kuskus, ya tuna tafi, ya tuna malamar da aka gaya wa. Kuma a karo na farko cikin shekara talatin da uku, ya yi tambaya.

“To muryar fa, Si Nawfal? Katako ba ya magana. Na san littafin duka a ka. Ka saurara.” Ya gyara tsayuwa, ya ƙanƙance ido. “Kowane girgije yana da sunan...”

Si Nawfal ya ɗaga hannu yana murmushi. “Madalla, madalla. Amma tsohona ba ya magana. Surutu ya kashe silima. In ya buɗe baki, ƙarar tsohuwar ƙofa za a ji. Na samo wata ƙofa a wani ƙauye, in ka ji ta sai ka yi kuka.”

Ya fita amsa waya, matar ta bi shi. Bihi ya matso.

“Dadda, na rantse da Allah ban sani ba sai da na shigo,” in ji shi. “Cewa suka yi ana neman mai aski mai hannu. Tashi mu tafi. Takarda ce kawai, ba Alƙur'ani ba ce. Me za su yi maka?”

Gaskiya ne, zai iya tashi. Ƙofa a buɗe take. Amma in ya fita da gemunsa, me zai gaya wa Tilila? Cewa babu shi a ciki ko kaɗan? In ya zauna, aƙalla akwai abin da za ta nuna da yatsa. Ya dubi mutum-mutumin, mutum-mutumin ya dube shi da idon gilashi. Ya tattara jallabiyarsa ya hau kujera.

“Ba ka ce za ka yanka rago ba?” in ji shi. “To ga ranar ta zo.”

“Don Allah ka bari, Dadda.”

“Yi aikinka, Bihi. Kar ka ɓata musu layin.”

Awa huɗu aka yi. Bihi na ɗaure gashin tufka-tufka da jan zare, yana yankewa daga tushe, wata yarinya mai safar hannu tana jerawa a kan allo da lambobi. Da aka gama, Dadda Mbarak ya ga wani tsoho a madubi mai ƙaramar haɓa fara fat, da kumatu da suka zurma, da wuya kamar na kaza. Bai san shi ba. A hanyar gida mai gadin sansani, wanda suka yi shekara ashirin suna gaisawa, ya tare shi ya tambaye shi wa ya ba shi izinin shiga.

Lalla Ittu ta buɗe ƙofa ta ja mayafi ta rufe fuska, sannan ta gane jallabiyar. Ba ta yi tsiya ba. Da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta zauna a dakali ta ce, “Sun cuce ka, Mbarak,” ta fashe da kuka.

Bai gaya wa Agadir ba. In Tuda ta kira, sai ya ce kyamarar wayar ta lalace, murya kawai. In Tilila ta tambayi yadda ɗauka ke tafiya, ya ce sirri ne, darakta ya hana faɗa. Da hutu ya zo ya sa Ittu ta ce musu zafi ya yi yawa bana, su bari sai baɗi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ya sani, amma kullum sai ya ce gobe.

Wata takwas bayan haka tallar fim ɗin ta fito. Gidan silimar garin ya daɗe a rufe, don haka a shagon Bihi aka gani, mutum tara a kan waya ɗaya, da hantsi. Dadda Mbarak na zaune a ƙarshen benci. Gemunsa ya tsiro kamar yatsu biyu, amma ya fito a cuccure, baƙin layin kuma bai dawo ba.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne tallar ta yi kyau. Shamuwar ta buɗe fikafikan tagulla, gizagizai na motsi cikin tuluna kamar madara. Sannan ga kogo, ga tsoho ya juyo, iska ta ɗaga farin gemu mai baƙin layi, ya buɗe baki, tsohuwar ƙofa ta yi kuka. Tsigar jikin kowa ta tashi.

“Gemun Dadda!” wani ya yi ihu. “Wallahi shi ne! Ku dubi layin!”

Suka sake kunnawa sau biyar. Wani ya karanto cewa jaridun Rabat sun ce gemun kaɗai ya isa a je kallo, kuma Si Nawfal ya ce asirinsa zai tafi da shi kabari. Mai gemu kamu biyu da ke kusa ya shafa nasa ya ce, cikin raha, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa. Aka yi dariya, aka ga Dadda bai yi ba, aka daina.

Wayarsa ta yi ƙara. Agadir. Ya fita bakin ƙofa.

“Jaddi.” Muryar Tilila a shaƙe take, ta sha kuka. “Malama ta nuna mana a aji. Suka ce katako ne. Suka ce ni maƙaryaciya ce. Na ce musu kai ne, na san gemunka, na san layin. Jaddi, kai ne ko ba kai ba ne?”

Ya dubi titi. A kan hasumiyar tsohon gidan ƙasa da ke tsallake, shamuwa biyu na gyara sheƙa.

“Gemuna ne, 'yata.”

“Kai fa?”

“Ni ina nan gida.”

Yana jin numfashinta. “To maganar? Kai za ka faɗi maganar, ko? Kowane girgije...”

“Ba za a faɗe ta ba.”

“Amma ka ce...” Ba ta ƙarasa ba. Ya ji an ajiye wayar a kan wani abu mai tauri, ya ji takun gudu, ya ji Tuda daga nesa tana kiran sunanta. Ya tsaya da wayar a kunne har ta yanke da kanta.

Da ya koma ciki, sun riga sun mayar da wayar aljihu, kowa ya sami abin kallo a cikin kofinsa. Dadda Mbarak ya wuce benci. Ya hau kujerar aski, wadda ƙura ta kwanta a hannuwanta, ya jingina kai.

Bihi bai motsa ba. “Dadda, sauko ka sha shayi. Ka ji ana cewa wasu na zuwa da kaka? Babban fim, na yaƙi. Gemu ɗari uku suke nema. In ka bar shi, kafin nan ya kai kamu ɗaya.”

“Su nemi na akuya.”

“Haba Dadda. Sana'arka ce fa.”

“An kashe ni sau goma sha bakwai ina tashi,” in ji Dadda Mbarak. “Wannan karon ba zan tashi ba. Kaɗa sabulu.”

Bihi ya ɗauko tawul ya ɗaura masa a wuya, ya daɗe yana ɗaurawa. Ya wasa reza a fata. Shekara ashirin yana neman mutumin nan a kujerar nan, ga shi ya samu.

“Duka?” ya tambaya.

“Duka. Kuma ka riƙe mini wuri kowace Alhamis.”